Gashin ragon layya irin na Agadas

Da farko, an sauko daga Idi an yi yanka, maigida ya feɗe ragon, uwargida ta karɓi kayan ciki ta soya. Sai a buɗe shi, a tsire da sanduna biyu a gicciye, a shafe da gishiri.

Na biyu, a hura wuta da busasshen itace, a kafa sandunan a gefenta. Nan aikin yake. Zafi ake so ya ratsa naman sannu a hankali, kada harshen wuta ya taɓa shi. In iska ta taso, a kare ƙura da tabarma. A riƙa juyawa ana shafa kitse har magariba.

Na uku, a rataye shi ya kwana. Washegari da hantsi ku yanyanka, ku zaga gidajen dangi da maƙwabta da rabonsu kafin rana ta take.