Darasi na 7: Bishiya da tsutsar ci

A dazuzzukan Kwango, Kamaru da Afirka ta Tsakiya, tsutsa abinci ce. Kada mai karatu ya yamutsa fuska, mu ma ai muna cin fara da shinge. A Kinshasa ana ce mata mbinzo, a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, makongo. Tana gina jiki kamar nama da kifi.

Kowace tsutsa da bishiyarta. Wani irin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare ne yake zuba ƙwai a jikin bishiya. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi ta cin ganye har ta ƙoshi. Daga nan sai ta sauko ta shige ƙasa a gindin bishiyar, ta kwanta har shekara ta zagayo ta fito da fukafukai.

Babbar bishiyar tsutsa a can ita ce sapele, 'yar'uwar maɗaci. Matsalar ita ce katakonta na da tsada a Turai. Masu yankan katako manyan suke nema, kuma manyan ne suka fi ɗaukar tsutsa. Kuɗin gungume sau ɗaya ake karɓa, galibi ma ba mutanen ƙauyen ke karɓa ba, alhali tsutsa kowace shekara take fitowa. Wasu masu ɗibar tsutsar su ma suna sare reshe don gaggawa, alhali da sun yi haƙuri za ta sauko da kanta.

A nan kusa muna da irin wannan. Kaɗanya na da tsutsarta, Nufawa na ce mata manimani, mutanen Bobo-Dioulasso a Burkina Faso kuma citumu. Da damina take fitowa, wajen Yuli da Agusta. Mata kan tsince ta da asuba a gindin bishiya, su tafasa, su shanya. Ga man kaɗe, ga tsutsa, amma sai mai gawayi ya zo ya kwantar da bishiyar a wuni guda.

In akwai kaɗanya a gonarka, kada ka cinna wuta a gindinta, kada ka fesa mata maganin ƙwari. In za a tsinci tsutsa, a bar wasu su shiga ƙasa, su ne irin baɗi.

Aiki:
1. Ina tsutsa take kwanciya bayan ta ƙoshi?
2. Ƙirga kaɗanyar da ke gonarku, ka rubuta adadin.