Babi na Huɗu: Yadda Ake Shirya Fayiloli a Shafin Intanet ta cPanel

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Mutumin da ya wuni a shago a Shara Mansur ko Misfala, ya yi sallar isha'i a gajiye sannan ya zo ya zauna gaban kwamfuta, ya cancanci a jinjina masa. A babin da ya wuce ka biya riyal ɗinka, kamfani ya ba ka hayar wuri a intanet. Yanzu za mu shiga wurin mu jera kaya ta cPanel, wato shafin da kamfanin ya ba ka don sarrafa wurin naka.

Darasi na 1: Shiga

Buɗe burauza, wato manhajar da kake duba intanet da ita, kamar Chrome. A dogon layin nan na can sama rubuta sunan shafinka, ka sa ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya, sannan 2083. Kada ka bar fili a tsakani. Danna babban maɓallin Enter. Akwati biyu za su fito, na sama na sunan shiga ne, na ƙasa na kalmar sirri, kuma duka biyun suna cikin saƙon da kamfanin ya aiko maka.

Kafin ka rubuta, dubi ƙasan fuskar kwamfutar. Yawancin kwamfutocinmu na nan Makka suna kan Larabci. Kalmar sirri kuwa ɗige-ɗige take nunawa, ba za ka ga cewa haruffan Larabci kake zubawa ba. Riƙe Alt ka danna Shift, rubutu ya koma na boko, sannan ka rubuta. In ta ƙi, ba komai, sake gwadawa a hankali.

Idan ka shiga, nemi hoton da aka rubuta File Manager a ƙarƙashinsa. Danna shi sau ɗaya.

Darasi na 2: Inda ake ajiye kaya

Nan nake so ka tattara hankalinka. Za ka ga foldoji da yawa, mail, etc, logs, tmp da sauransu. Folda jaka ce da ake zuba fayiloli a ciki. Duk waɗannan ba ruwanka da su. Taka guda ɗaya ce, sunanta public_html.

Ka ɗauka shagonka ne. Akwai sito a baya, akwai kanta a gaba inda mai saye yake ganin kaya. To public_html ita ce kantar. Abin da ka sa cikinta duniya za ta gani. Abin da ka ajiye a wajenta yana sito, ko shekara zai yi babu mai ganinsa.

Kai kibiyar linzami (mouse) kan ƙaramin hoton da ke gefen sunan public_html a babban fili, ka danna sau biyu da sauri. Sau ɗaya zaɓa ne kawai, layin zai canja launi amma ba ka shiga ba. Sau biyu ne shiga. Yanzu dubi ƙaramin akwatin da ke saman jerin foldoji na gefe. Ya nuna public_html? In ya nuna, kana ciki. In bai nuna ba, kana waje. Wanda ya mayar da cPanel ɗinsa Larabci zai ga jerin ya koma hannun dama, amma sunan foldar bai canja ba.

Wani dattijo a ajinmu, mai sayar da carbi da darduma, ya ɗora hotunan kayansa guda goma sha biyu, ya kira ɗansa a Kano ya ce ya duba. Ɗan ya ce bai ga komai ba. Kwana biyu Alhaji yana zargin kamfani. Da muka buɗe tare, ga hotunan nan lafiya lau, jere kusa da mail, a sito. Ya danna sau ɗaya ne, ya ga launi ya canja, ya ɗauka ya shiga. Ya yi dariya, muka gyara a minti ɗaya. Ba abin kunya ba ne, kusan kowa ya taɓa yi.

Saboda haka maimaita: shiga, fita ta maɓallin Up One Level, sake shiga, dubi akwati. Yi haka sau biyar kafin ka wuce gaba.

Darasi na 3: Ɗora fayil

Da farko dubi akwati. Kana cikin public_html? To danna Upload a jerin sama. Sabon shafi zai buɗe. Danna Select File, zaɓi fayil daga kwamfutarka, ka jira layin ya cika ya kai 100, ya koma kore. Kada ka rufe kafin nan. Koma shafin farko ka danna Reload, za ka ga fayil ɗinka.

Fayil ɗin da ke zama fuskar shafinka sunansa index.html, duka da ƙananan haruffa. Kwamfutar kamfanin tana bambanta babban harafi da ƙarami, a wurinta Index da index suna biyu ne. Sunan hoto ma kada ka sa masa Larabci ko fili.

Gaskiya, abin nan ya fara damuna. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, amma har makon jiya mutum uku suka kawo mini kukan shafi bai fito ba, kuma dukansu a waje suka zuba fayilolin. Gaggawar me ake yi? Kai da ba ka miƙa wa alhaji canji sai ka ƙirga sau biyu, duba akwati ɗaya ne zai gagare ka? Dubi akwati kafin ka taɓa Upload. Kullum.

Darasi na 4: Kwance ƙunshi

Idan wanda ya tsara maka shafi ya ba ka fayil mai ƙarewa da zip, ƙunshi ne. Ɗora shi cikin public_html, danna shi da maɓallin dama na linzami, zaɓi Extract. Wani lokaci kayan kan fito cikin wata sabuwar folda. In haka ta faru, shiga cikinta, zaɓe su duka, ka yi amfani da Move ka dawo da su bakin public_html, don index.html a nan ya kamata ya zauna.

Darasi na 5: Izini da gogewa

Lambobin da ke ƙarshen kowane layi na izini ne, wato suna nuna wanda aka yarda ya karanta ko ya canja fayil. Fayil 644, folda 755. Bar su haka. Abin da ka goge da Delete yana tafiya kwandon shara, ana iya dawo da shi ta View Trash. In ka ci karo da fayil mai suna .htaccess, kada ka taɓa shi.

Darasi na 6: Fita

Danna Log Out idan ka gama, musamman in kwamfutar ba taka ba ce.