Yadda ake samun katin zinare a ƙaramin kamfanin jirgi, a ci moriyarsa a manya

Masu yawan tafiya da dama suna ɗauka sai a babban kamfanin jirgin sama ake neman matsayin fasinja na musamman. Ba haka ba ne. Abin dubawa shi ne ƙawancen da kamfanin yake ciki. Aegean na ƙasar Girka, misali, ɗan ƙarami ne idan aka jera shi da Lufthansa ko United, amma tun 2010 yana cikin Star Alliance, ƙawancen da aka kafa a 1997. Saboda haka katinsa na zinare, wato shaidar babban matsayi da yake ba masu yawan tafiya, yana aiki a Ethiopian, EgyptAir, Turkish da sauran 'yan ƙawancen.

Da farko, zauna ka lissafa jiragen da ka hau bara. Ɗan kasuwar da ke tashi daga Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa a jirgin Ethiopian, ko zuwa Alƙahira a jirgin EgyptAir, yana cikin wannan ƙawance ko bai sani ba.

Na biyu, yi rajista a shirin tara maki guda kawai, wato tsarin da kamfani ke ba ka maki a kan tafiyar da ka yi. Na Aegean sunansa Miles+Bonus, na Ethiopian ShebaMiles, kuma kyauta ake shiga. Ka rubuta sunanka daidai da na fasfo. A nan mutane suke yin asara: kati uku a aljihu, kowanne da ɗan maki kaɗan, babu wanda ya kai ko'ina.

Na uku, kuma shi ya fi wahala: harafin tikiti. Kowane tikiti yana da harafi guda, kamar Y ko K, wanda ke nuna ajin farashinsa. Mutum biyu na iya zama kujera kusa da kujera, ɗaya ya samu makin tafiyar cif, ɗayan ya tashi da rabi, ko ma ya tashi a tutar babu don ya sayi mai araha. Kafin ka biya, tambayi ejan harafin, ka duba jadawalin shirinka. Ka kuma bambanta makin hawa matsayi da makin sayen tikitin kyauta. Na farkon ne ke kai ka ga zinare.

Sai ka riƙa ba da lambar rajistarka duk lokacin yankan tikiti, ka adana katin shiga jirgi har makin ya shigo.

Me ake samu? Layi na daban wajen awon kaya da shiga jirgi, jakarka ta riga fitowa, da ƙarin kaya: kilo 20 ko jaka ɗaya, sai dai wasu tikitoci mafi araha ba sa ciki. Ga kuma falon hutawa, kai da baƙo ɗaya, ko da tikitinka na talakawa ne. Wanda ya taɓa yin awa bakwai a kan kujerar ƙarfe yana jiran jirgi na biyu ya san darajar shayi mai zafi da wurin cajin waya. Wani abin dariya: a tafiyar cikin Amurka, mai zinaren Aegean zai shiga falon United, mai zinaren United ɗin kansa kuwa yana waje.

Amma ka duba sharaɗi kafin ka ɗaura niyya. Aegean yana sauƙaƙa wa wanda ya hau jiragensa 'yan lokuta a shekara, wanda bai hau ba kuma sai ya tara maki mai yawa, kuma duk shekara ake sabunta matsayin. In hanyarka ba ta bi ta Atina, babban birnin Girka kuma cibiyar Aegean, ni dai da ShebaMiles zan fara.