Kafin ku sayi ƙwayoyin goji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tallar goji ta yawaita, har ana cewa yana maganin komai, shi ya sa na ga ya dace mu ɗan tattauna.

Goji wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace ne da aka daɗe ana nomawa a China, musamman yankin Ningxia, kuma dangin tumatir ne. Amfaninsu na gaskiya yana nan: suna ɗauke da sinadarin ziyazantin, wanda ke taruwa a bayan ƙwayar ido yana taimaka mata wajen tace hasken da ke iya cutarwa. Akwai kuma sinadarin ƙarfe da bitamin A a cikinsu. Amma batun warkar da ciwon daji ko narkar da ƙiba, wannan zancen 'yan kasuwa ne kawai.

Inda nake so ku lura sosai shi ne haɗa shi da magani. Duk mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ya kusanci goji sai da izinin likita, domin yana iya ƙara wa maganin ƙarfi har jini ya riƙa zuba. Masu shan maganin ciwon suga ko hawan jini su ma su tambaya tukuna, kada suga ko jinin ya faɗi fiye da kima. Mai juna biyu ma haka.

A ganina, busassun 'ya'yan sun fi ƙwayoyin kwalba, don ka san abin da kake ci. Ɗan cikin tafin hannu ya isa a rana, suna da zaƙi sosai.