Yadda Ake Tara Tsofaffin Libarba Masu Ruwan Nikel, da Yadda Ake Gane ta Asali

A Amurka akwai mutanen da ke tara tsofaffin bindigogi ba don harbi ba, sai don tarihin da ke jikinsu. A cikinsu akwai waɗanda hankalinsu ya tafi kacokan kan libarba mai ruwan nikel, wato ƙaramar bindigar nan mai gangar harsashi da ke juyawa, wadda aka lulluɓe ƙarfenta da wani farin ƙarfe mai sheƙi. Sheƙin ne ke jawo sabon shiga, kuma shi ne ke cinye masa kuɗi, domin a wannan harka bindigar da ta fi ƙyalli sau da yawa ita ce ta fi rashin daraja. Ga yadda masu abin ke bi.

Mataki na farko shi ne doka, kuma ba a tsallake shi. A Nijeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sanya libarba da fistol a jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, kuma tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga wannan jeri. Don haka mai karatu a Kano ko Zariya, rabonsa a nan ilimi ne da kallo. A Amurka kuwa, dokar tarayya ta 1968 tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Wadda ta kai shekara 50 kuma tana shiga rukunin da masu tarawa ke nemar wa lasisi na musamman daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, dala 30 na shekara uku. Amma kowace jiha da nata ƙa'idojin, kuma na New York ko California sun fi na Texas tsauri nesa ba kusa ba. Sai ka san na inda kake zaune kafin ka taya komai.

Na biyu, ka san dalilin da ya sa aka fara zuba wa bindiga nikel, don shi ne zai buɗe maka ido a kan sauran. Albarushin da ake amfani da shi a ƙarni na 19 yana barin dauɗa mai jan danshi, ga zufar mai ɗauke da bindigar, ga ruwan sama. Ƙarfen da aka rina baƙi-baƙi kan yi tsatsa da wuri. A 1869 wani mutumin Boston, Isaac Adams, ya yi rajistar hanyar lulluɓe ƙarfe da nikel ta amfani da lantarki, masana'antun bindiga kuma suka rungume ta. Lokacin da sojan Amurka suka sayi libarba 1,000 samfurin Model 3 daga kamfanin Smith & Wesson a 1870, guda 200 daga ciki masu nikel ne. Kenan asalin abin kariya ce, ado ya biyo baya. Amma ya biyo da ƙarfinsa: a 1885 Bat Masterson, sanannen ɗan sandan nan na Dodge City, ya rubuta wa kamfanin Colt wasiƙa yana neman a ƙera masa libarba mai nikel, a sassauta masa kunamarta. Zamanin nikel ya fara ja da baya ne bayan 1965, da Smith & Wesson ya fito da Model 60 na ƙarfen da ba ya tsatsa. Abin da aka daina yi da yawa kuwa, shi masu tarawa ke bi.

Na uku, ka zaɓi fage guda. Wani ya tsaya kan Colt Single Action Army da aka fara ƙerawa a Hartford a 1873, wanda kuɗinsa ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Wani kan Colt Python da ya fito a 1955. A ganina sabon shiga ya fara da ƙananan libarban aljihu na kamfanin Iver Johnson ko Harrington & Richardson. An ƙera su da ɗimbin yawa a Massachusetts, akasarinsu masu nikel ne, suna da araha, kuma in an cuce ka a kansu asarar ba za ta hana ka barci ba.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar aikin, wato bambance nikel ɗin masana'anta da wanda aka sake zubawa daga baya. Kafin komai, ka buɗe gangar ka tabbatar da idonka babu harsashi, ko da mai sayarwa ya rantse maka. Sannan ka nemi haske mai kyau da gilashin ƙara girma.

Abin da za ka riƙe shi ne, ba a iya sake zuba nikel sai an goge ƙarfen da injin gogewa, kuma injin ba ya zaɓe, duk abin da ya taɓa sai ya ci. Fara da rubutu: sunan kamfani a kan bututu, tambarin dokin Colt, da'irar Smith & Wesson. A ta asali haruffan suna da zurfi da kaifin gefe. A wadda aka sake, za ka ga sun yi laushi, wani ɓangaren tambarin ma ya shafe. Koma kan ramukan sukuru. Idan bakinsu ya loɓa ciki kamar an ƙwaƙule shi, injin ya bi ta wurin. Shafa yatsa a kusurwoyin bindigar. Masana'anta kan bar su a tsaye, gogewa kan mayar da su kumbura-kumbura. A jikin Smith & Wesson akwai faranti a gefe wanda aka haɗa da jikin bindigar sosai har layin haɗin ya zama kamar silin gashi. In ka ga layin ya buɗe ya zama kwari, an goge su daban-daban.

Sai kuma ramukan tsatsa. Tsatsar da ta ci nikel daga sama, ta bar baƙin tabo, wannan tsufa ne na gaskiya. Amma ƙananan ramuka a ƙarƙashin nikel mai santsi, waɗanda sheƙi ya bi ta kansu ya rufe, wannan kitso ne a kan ƙwarƙwata. Masana'anta ba ta taɓa zuba nikel a kan ƙarfe mai rami.

Akwai alamomin da suka keɓanta da Smith & Wesson. Kamfanin ba ya zuba nikel a kan kunama da gudumar da ke dukan harsashi. Yakan bar su da launin ƙonon ƙarfe, mai shuɗi-shuɗi da ruwan toka. In ka ga su ma suna ƙyalli fari fat, kusan tabbas aikin wani ne a waje. A samfura da yawa na ƙarni na 20, idan aka cire ƙota za a ga harafin N an buga a jikin ƙarfen, wani lokaci har a bayan gangar harsashi. Ɗan tauraro kusa da lambar bindigar kuma yana nuna an taɓa mayar da ita masana'anta don gyara. Irin wannan ta fi wadda aka gyara a waje daraja, amma ba ta kai wadda ba a taɓa ba. Kada ka kama sukurudireba ka cire ƙotar mutum ba tare da izininsa ba, abin faɗa ne a wurin baje koli.

Duba lambobin kuma. A tsofaffin bindigogi lambar masana'anta tana fitowa a wurare da dama: gindin ƙota, ganga, ƙasan bututu, har da cikin katakon ƙota da fensir. Su zo ɗaya. In sun saɓa, an harhaɗa ta ne daga bindigogi daban-daban.

Na biyar, takarda. Colt da gidauniyar tarihi ta Smith & Wesson suna riƙe da tsofaffin littattafan fitar da kaya. Ka aika lambar bindiga da kuɗin aiki, su aiko maka da wasiƙa mai faɗin ranar da ta bar masana'anta, dillalin da aka aika wa, tsawon bututu, da ko mai nikel ce tun farko. Roy Jinks, masanin tarihin kamfanin, ya shafe shekaru da dama yana sa hannu a irin waɗannan wasiƙu na Smith & Wesson. Labarin baka cewa wani shahararren ɗan bindiga ya taɓa riƙe ta, in babu takarda, kada ka ƙara ko dala ɗaya a kansa. In ƙotar ta hauren giwa ce, ka ƙara taka-tsantsan, domin tun 2016 Amurka ta tsananta dokar cinikinsa.

Ido ba ya gogewa da karatu kaɗai. Gidan tarihin bindigogi na Cody a Wyoming da gidan Autry a Los Angeles suna da na asali da za ka tsaya ka ƙare musu kallo, kundin kamfanin gwanjon bindigogi na Rock Island kuma cike yake da hotuna na kusa da bayanin yanayin kowace.

Na ƙarshe, adana. A nan ne mutane da yawa ke lalata abin da suka saya da hannunsu. Tsohon nikel kan yi ɗan rawaya-rawaya ko hazo, kuma masu tarawa suna son sa a haka; man goge ƙarfe yana cin sa ne kaɗan-kaɗan. Ka guji duk ruwan wankin bindiga mai amoniya, domin inda aka shimfiɗa jan ƙarfe a ƙarƙashin nikel, amoniya kan bi ta ɗan tsagi ta cinye shi, nikel ɗin ya fara ɓarewa. Tsumma mai laushi da ɗan kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi sun wadatar. Kada a bar ta cikin kuben fata, fata na riƙe danshi. A kulle ta a akwatin ƙarfe inda yaro ba zai kai ba, danshin ɗakin ya tsaya kusan kashi 50 cikin 100. Wadda aka ƙera a zamanin tsohon albarushi kuwa ba a sa mata harsashin zamani. Colt kansa bai lamunce wa Single Action Army sabon albarushi ba sai a 1900, kuma gangar da ta girmi wannan shekara tana iya tarwatsewa a hannun mai harbi.