Yadda talo-talo ya gaji sunan zabo a Turanci

Idan ka sauka Amurka a watan Nuwamba, kafin ka gama gane hanyar tashar bas kalmar turkey ta riga ta cika maka kunne. Talo-talo ake nufi, kuma bai haɗa komai da ƙasar Turkiyya ba. Ɗan nahiyar Amurka ne. A Meziko aka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16.

Zabonmu ne ya jawo rikicin. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, zabin Afirka kan isa Ingila ta hannun fatake masu ciniki da ƙasashen Turkawa, sai aka laƙaba musu sunan Turkiyya. Da baƙon tsuntsu ya iso, aka ga kamar dangi ne, aka haɗa su suna ɗaya. Daga baya zabo ya koma guinea fowl, talo-talo ya riƙe sunan. Faransawa dinde suke cewa, wato na Indiya, su Turkawan kansu kuma hindi. Kowa ya jingina shi da wata ƙasa, ba wanda ya dace.

Inda za ka yi karo da shi sosai a teburi ne. Amurkawa na gasa shi ranar Thanksgiving, wato bikin godiya na shekara-shekara, Alhamis ta huɗu a Nuwamba. A Kanada Litinin ta biyu ce a Oktoba, a Ingila kuwa sai Kirsimeti. Maƙwabci ko abokin aiki zai iya gayyatarka, kuma girmamawa ce, kada ka yi nawa. Amma ka tambayi abin da aka cusa a cikinsa, domin wasu da naman alade suke haɗawa, wasu kuma su lulluɓe ƙirjinsa da shi don kada ya bushe. Ba sa jin haushin tambayar. In da kanka za ka gasa, yi wa mahaucin halal magana da wuri. Daskararre kuma yana buƙatar kusan kwana guda a firji kan kowane kilo 2 kafin ƙanƙararsa ta saki.

A asibiti ma za ka ji sunan. In likita ya gargaɗe ka kan cold turkey, ba maganar abinci yake yi ba. Nufinsa kada ka yanke shan magani lokaci guda, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yadda ya tsara maka.