Yadda Ake Gwajin Jini Don Gano Ciwon Antifosfolifid

Akwai ciwon da garkuwar jiki ke ƙera sinadaran da ke juyowa kan jikin mai su, har su sa jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiyoyi. Likitoci suna kiransa ciwon antifosfolifid, kuma likitan nan Graham Hughes ne ya fayyace shi a Landan a shekarar 1983. Gano shi aiki ne da ke buƙatar haƙuri, domin gwaji guda ba ya wadatarwa.

Da farko sai likita ya duba ko akwai dalilin yin gwajin. Ana neman sa ga wanda jini ya daskare masa a ƙafa ko a huhu ba tare da sanadi bayyananne ba, ko matashin da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Haka nan macen da ta yi ɓari sau 3 a jere kafin ciki ya kai mako 10, ko ɗan tayi ya mutu a cikinta daga mako 10 zuwa sama, ko ta haihu kafin mako 34 saboda hawan jini mai tsanani na masu ciki.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, alhali kuwa yana iya ɓata sakamakon gaba ɗaya: mara lafiya ya faɗa wa likita duk maganin tsinka jini da yake sha. Warfarin da heparin da rivaroxaban suna rikita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, har a ga alamar ciwo inda babu shi. Sai dai kada mutum ya dakatar da maganinsa da kansa, domin hatsarin hakan ya fi na sakamako mara kyau. Likita ne zai tsara lokacin ɗibar jinin. Ba a buƙatar a zo ba a ci abinci ba.

Daga nan sai a ɗebi jinin daga jijiyar hannu, a nemi nau'i uku na waɗancan sinadaran garkuwar jiki: lufus antikowagulan, da antikadiyolifin, da anti-beta-2 gilaikofurotin. Biyun ƙarshe ana auna yawansu ne a ruwan jini, kuma ana ɗaukar antikadiyolifin da muhimmanci idan ya haura ma'auni 40. Na farkon, wanda shi ne magungunan tsinka jini ke rikitawa, ya fi wuyar sha'ani. Ana zuba jinin a kwalba mai shuɗin murfi wadda ke ɗauke da sinadarin sitiret mai hana jini daskarewa, kuma dole ne ya cika har layin da aka shata. A ɗakin gwaji ana juya shi a na'ura sau biyu don a raba shi da ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini, sannan a auna tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare, a wani gwajin ma da dafin wani macijin Asiya ake yi. Idan ya yi jinkiri, sai a gauraya shi da ruwan jinin mai lafiya a sake aunawa, daga bisani a ƙara masa fosfolifid, wani nau'in kitse da ke jikin ƙwayoyin halitta, a ga ko jinkirin zai gushe, domin gushewarsa ce ke nuna akwai lufus antikowagulan. Abin lura shi ne, sinadarin da ke jinkirta daskarewa a kwalba shi ne ke gaggauta ta a cikin jiki.

Idan sakamako ya nuna akwai su, sai a jira aƙalla mako 12 a maimaita, kamar yadda ƙa'idojin tantance wannan ciwo na Sidni, da aka wallafa a 2006, suka tanada. Dalili kuwa shi ne cututtuka masu yaɗuwa, irin su tunjere, da wasu magunguna, suna iya tayar da waɗannan sinadarai na ɗan lokaci su kuma ɓace. Bai dace a ɗora wa mutum shan maganin tsinka jini na tsawon rai bisa takarda guda ba.

Likita zai haɗa sakamakon biyu da tarihin mara lafiyar kafin ya yanke hukunci. Wanda gwaje-gwajen uku duka suka nuna a jininsa shi ne ya fi fuskantar haɗari, kuma irinsa warfarin ake ba shi maimakon rivaroxaban. Mace mai ciki kuwa, galibi allurar heparin ake haɗa mata da asfirin kaɗan.